Shawagi a Kan Faifai: Yadda Wata 'Yar Ƙwaya ta Gwada Dokar Mallakar Ƙirƙira a Amurka

A cikin rumbun faifai na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-dis, akwai wani ɗan guntun tangaran da bai kai girman ƙwayar gero ba. Sunansa silaida. Shi ke ɗauke da kan maganaɗisun da ke rubuta bayanai a kan faifai, ya kuma karanta su. Allurar garmaho tana taɓa faifanta, amma shi an ƙera shi ne don kada ya taɓa. Faifan yana juyawa, yana jan iska tare da shi, iskar ta shiga ƙarƙashin silaida ta ɗaga shi, sai ya riƙa shawagi. A faifai mai juyi 7,200 a minti ɗaya, gefen waje yana wucewa ƙarƙashinsa da gudun da ya haura kilomita 120 a sa'a, tazarar da ke tsakaninsu kuwa 'yan nanomita ce, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu saba'in ko fiye.

Sirrin wannan shawagi yana cikin zanen da aka sassaƙa a cikin silaida, wato fuskar da ke kallon faifai. A kan wannan zane ne kamfanoni suka shafe shekaru suna neman takardun mallakar ƙirƙira a Amurka, ofishin da ke bayar da takardun kuma yana maimaita musu tambaya guda: shin abin da kuka kawo ƙirƙira ce, ko kuwa mataki ne da duk wani matsakaicin injiniya zai iya ɗauka? Tambayar ta yi tsauri a wannan fanni, domin ci gaban gaske a nan ba ya wuce sauya awo da sauya wurin abubuwan da kowa ya riga ya sani, waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da doka ta daɗe tana cewa ba ƙirƙira ba ne.

Daga famfon iska zuwa shawagi

Rumbun faifai na farko da aka sayar a kasuwa shi ne na na'urar RAMAC, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956 daga cibiyarsa ta San Jose a jihar Kalifoniya. Yana da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, dukkansu suna ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Kan karatunsa ba ya tashi da kansa. Da famfo ake hura masa iska don a nisanta shi da faifai, tazarar kuma ta kai kusan maikuromita 20.

A 1961 IBM ta sanar da samfurin 1301, inda aka yar da famfo. An lanƙwasa fuskar silaida ta yadda iskar da faifai ke ja za ta ishe shi tashi, tazarar ta sauko zuwa kimanin maikuromita 6. Lissafin da ya ba da damar haka ba sabo ba ne. Tun 1886 Osborne Reynolds ya tsara shi a Ingila domin bayyana yadda mai ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin inji. Injiniyoyin IBM sun ɗauko shi, suka sa iska a madadin mai.

Babban sauyi ya zo a 1973 da samfurin 3340, wanda aka fi sani da Winchester, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Haughton. An rage girman silaida, an rage nauyin da ke danna shi daga ɗaruruwan giram zuwa ƙasa da giram 20, aka shafa wa faifai ɗan maiƙo domin silaida ya sauka a kansa idan an kashe na'ura, ya tashi idan an kunna. A cikinsa an fitar da dogayen tudu kamar kunyoyin gona, kowace kunya da ɗan gangare a gabanta wanda ke tara iska. Tazarar ta koma kusan rabin maikuromita. Takardar Michael Warner ta 1974 ita ce ta bayyana wannan tsari mai kunya uku.

A wannan shekarar dai wasu injiniyoyin IBM, da Garnier a kan gaba, suka sami takarda kan wata dabarar. Suka haɗa kunyoyin gefe biyu da wata kunya a gicciye, sai kwari ya samu a bayanta. Iskar da ta tsallake kunyar gicciye takan buɗe a cikin kwarin, matsinta ya ragu, ta zuƙo silaida zuwa ƙasa. Kunyoyi na ɗagawa, kwari na zuƙa. Ƙarfin biyu suna ƙaruwa tare idan gudu ya ƙaru, don haka tsayin shawagi ba ya yawan sauyawa.

Sauran matsalar ita ce karkata. Da aka koma amfani da hannu mai lilo wajen kai silaida daga tsakiyar faifai zuwa gefe, sai iska ta daina zuwa masa kai tsaye, ta riƙa bugunsa ta gefe. James White ya sami takarda a 1987 kan sassaƙa 'yan matakai a gefunan kunyoyi domin iskar da ta zo a karkace ita ma ta yi aikin ɗagawa.

Kafin ƙarshen shekarun 1980 an riga an san kayan aikin gaba ɗaya: kunya, gangare, kwari, mataki. Abin da ya biyo baya shi ne sake jera su. A shekarun 1990 masana'antu sun bar goge silaida da dutsen niƙa, suka koma sassaƙa shi da dabarun da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai kowace irin siffa ta yiwu. Girmansa ya yi ta raguwa har ya kai milimita 1.25 a tsawo, daga baya milimita 0.85. Buƙatun neman takarda suka yi ta kwarara, kowace tana da kama da 'yar'uwarta.

Mariƙin ƙofa, abin kunna sigari da garma

Ƙa'idar da ake auna waɗannan buƙatu da ita ta girmi kwamfuta da kusan ƙarni guda. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Hotchkiss da Greenwood. Mai ƙara ya sami takarda kan yin mariƙin ƙofa da yumɓu ko tangaran a madadin itace ko ƙarfe. Kotu ta ce sabon abu ne, amma sabunta kaɗai ba ta isa ba. Idan aikin bai buƙaci basirar da ta wuce ta maƙeri na yau da kullum ba, to aikin hannu ne, ba ƙirƙira ba.

Kusan shekara ɗari alƙalai suna jujjuya wannan ma'auni. A 1941, a shari'ar kamfanin Cuno kan abin kunna sigari na cikin mota, Mai Shari'a William Douglas ya ɗaga shi sama, ya ce sai an ga walƙiyar hazaƙa a cikin aiki. Wannan ya tayar da hankalin masana'antu, domin galibin ci gabansu ba daga walƙiya yake zuwa ba, daga gwaji ne da maimaici. Majalisar dokoki ta shiga tsakani da Dokar 1952. Sashe na 103 ya ce ba za a ba da takarda ba idan bambancin da ke tsakanin sabon abu da ayyukan magabata zai kasance a fili ga mai matsakaiciyar ƙwarewa a fannin, a lokacin da aka yi shi. Ya kuma ƙara da cewa hanyar da aka bi aka gano abu ba za ta hana shi takarda ba.

A 1966, a shari'ar Graham da John Deere kan wani maƙalin haƙorin garma, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa matakan da ake bi har yau: a duba abin da magabata suka sani, a fitar da bambanci, a tantance matsayin ƙwarewar matsakaicin ma'aikaci. Bayan haka ana iya duba wasu alamu, kamar karɓuwa a kasuwa, da daɗewar buƙatar da ba a biya ba, da gazawar waɗanda suka gwada a baya. A ranar ce kuma kotun ta tabbatar da takardar wani mai suna Adams kan batir mai aiki da ruwa, saboda masanan zamaninsa sun ɗauka haɗin da ya yi ba zai yi aiki ba. Wanda ya bi hanyar da magabata suka ce ba ta ɓullewa, ya kuma ɓulle, ba za a ce masa abin a fili yake ba.

Inda doka da injiniya suka yi karo

Taƙaddama kan silaida ba kasafai take faruwa a gaban 'yan jarida ba. Galibinta a rubuce ake yi, tsakanin lauyan kamfani da jami'in tantancewa, idan ba a daidaita ba a ɗaukaka zuwa hukumar sauraron ƙorafi ta ofishin. Siffarta kusan ɗaya ce. A ce injiniya ya kawo silaida mai kwari a tsakiya da matakai a gefen kunya. Jami'i zai ɗauko tsohuwar takarda mai kwari, ya ɗauko wata mai matakai, ya ce haɗa su ba ya buƙatar basira. Lauya zai amsa cewa babu inda ɗayansu ta nuna a haɗa ta da ɗayar, kuma haɗin zai iya rushe amfanin kowacce.

A hannun jami'in akwai tsofaffin hukunce-hukunce masu kaifi. Hukuncin Aller na 1955, wanda ya shafi zafi da ƙarfin sinadari a wata hanyar haɗa magunguna na masana'antu, ya ce idan an san tsarin abu gaba ɗaya, gano awon da ya fi dacewa ta hanyar gwaji na yau da kullum ba ƙirƙira ba ne. Hukuncin Gardner na 1984 ya ce bambancin girma kaɗai ba ya ba da takarda muddin na'urar ba ta yi wani aiki dabam ba. Abin sha'awa, ita ma na'urar Gardner da iska take aiki: tana ɗaga takardar ɗab'i ne a kan iska yayin da tawada ke bushewa.

A mafi yawan injuna wannan ƙa'ida daidai take. Kujerar da aka ƙara wa tsawo kujera ce. Amma a ƙarƙashin silaida, awo shi ne aikin. Zurfin kwari ba ya wuce 'yan maikuromita, zurfin mataki kuma bai kai maikuromita ɗaya ba, kuma sauya ɗayansu kaɗan yana sauya inda ƙarfin ɗagawa ya taru, da yadda silaida ke ɗaga goshi, da yadda yake jure girgiza, da yadda yake sauka idan an kai na'ura tudu inda iska ba ta da kauri. Gyara ɗaya yana taɓa sauran duka. Ga tazarar ma ta yi ƙanƙanta har ta gaza nisan da ƙwayar iska ke yi kafin ta yi karo da 'yar'uwarta, wanda yake kusan nanomita 65, sai da aka yi wa lissafin Reynolds kansa kwaskwarima kafin ya ci gaba da aiki.

Shi ya sa lauyoyi suka riƙe hukuncin Antonie na 1977, wanda ya fito daga wata na'urar tace gurɓataccen ruwa. Kotu ta ce ba za a kira daidaita wani awo aikin yau da kullum ba sai idan magabata sun riga sun gane cewa wannan awon yana shafar sakamako. Gardamar ta koma nan: shin an san cewa faɗin wannan kwari, ko nisan wannan mataki daga baki, shi ke riƙe da tsayin shawagi? Idan an sani, daidaita shi aikin ma'aikaci ne. Idan ba a sani ba, gano hakan shi ne ƙirƙirar. Mai nema kuma ba ya tsira da baki kawai; sai ya kawo alƙaluman gwaji da ke nuna cewa a cikin iyakar da ya zana, silaida yana yin abin da ba a zata ba.

Kacici-kacicin da aka ji amsarsa

Duk wanda ya taɓa zama wurin kacici-kacici ya san cewa da zarar an faɗi amsa, kowa sai ya ga ai da sauƙi. Wannan ita ce cutar da ke bin shari'ar ƙirƙira. Jami'i da alƙali suna karanta buƙatar ne bayan sun ga amsa, sannan su koma rumbun tsofaffin takardu su tsinto gutsattsarin da suka dace da ita. A fannin da kayan aikinsa huɗu ne ko biyar, babu zanen da ba za a iya tsinto gutsattsarinsa ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da aka kafa a 1982 domin ta haɗa kan shari'o'in ƙirƙira ta nemi maganin wannan. Ta dage cewa kafin a haɗa tsofaffin takardu biyu a kashe sabuwa, sai an nuna wata koyarwa, ko ishara, ko dalili da zai sa matsakaicin ma'aikaci ya haɗa su. A 1999 ta soke ƙin amincewar da aka yi wa wata ledar shara ruwan lemo mai zanen fuskar kabewa, ba don ledar ta burge ta ba, sai don ofishin bai nuna dalilin haɗa abubuwan da ya haɗa ba. Shekarun da wannan ma'auni ya yi ƙarfi su ne shekarun da zanen silaida ya fi bunƙasa. Ga mai neman takarda, wannan garkuwa ce. Ga abokin gasarsa, shinge ne, domin injiniyoyi ba sa rubuta abin da kowa ya sani a cikin takardu, abin da ba a rubuta ba kuwa yana da wuyar kafa hujja da shi.

Ranar 30 ga Afrilu, 2007, Kotun Ƙoli ta juya akalar a shari'ar KSR da Teleflex, kan totur ɗin mota mai daidaituwa da aka liƙa wa na'urar auna taku. Mai Shari'a Anthony Kennedy, da yawun dukkan alƙalan, ya ce an mayar da ma'aunin ya yi tsauri fiye da kima. Matsakaicin ma'aikaci mutum ne mai tasa dabarar, ba inji ba. Idan akwai matsala sananniya, hanyoyin warware ta kuma 'yan ƙalilan ne waɗanda za a iya hasashen sakamakonsu, to gwada su ba ƙirƙira ba ne. Sai dai kotun ta ce dole mai ƙin amincewa ya bayyana dalilinsa, ba ya tsaya ga cewa a fili yake ba.

Kalmar da komai ya rataya a kanta bayan wannan hukunci ita ce hasashe, a nan kuma tarihin fasaha ya shigo cikin doka. Injiniyan 1975 sai ya ƙera silaida ya gwada kafin ya san yadda zai tashi. Injiniyan 2000 yana da manhajar kwaikwayo, irin wadda cibiyar David Bogy ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta samar wa masana'antar, wadda ke lissafa tsayin shawagi kafin a taɓa tangaran. Duk lokacin da kayan aiki suka ƙaru, matsakaicin ma'aikacin da doka ke auna kowa da shi yana ƙara ƙwarewa, abin da ake ɗauka a fili yake kuma yana ƙara faɗi. Zanen da zai zama ƙirƙira a shekara ta farko yana iya zama aikin mako guda a ta biyu. Amsar masu nema ita ce manhaja tana gaya wa mutum yadda zanen da ya ba ta zai tashi, amma ba ta gaya masa wane zane zai ba ta.

Me ya sa manyan ƙararraki suka fito daga bare

Duk da yawan takardun, manyan masu ƙera rumbun faifai ba su cika maka juna a kotu kan silaida ba. Kowanne yana riƙe da takardun da ɗan'uwansa ke takawa, don haka sukan ƙulla yarjejeniyar musayar izini. A irin wannan ciniki yawan takardu shi ne jari, abin da ya ƙara wa kamfanoni kwaɗayin neman takarda kan kowane ɗan sauyi. Waɗanda suka kai ƙara da gaske su ne waɗanda ba sa tsoron ramuwa, domin ba su da hajar da za a kama.

Kamfanin Rodime na Sikotilan ya fitar da rumbu mai faifan inci 3.5 a 1983, ya kuma sami takarda a Amurka. Da kasuwa ta juya masa baya, ya daina ƙira, ya koma neman kuɗin izini daga sauran, waɗanda ke ganin rage girman faifai mataki ne da kowa zai ɗauka. A 1995 kamfanin Quantum ya kayar da shi, ba kan wannan hujja ba, sai kan kalma guda: lokacin da aka sake duba takardar, Rodime ya saka kalmar da ke nufin "kimanin" a gaban adadin layuka 600 a kowane inci, kotu ta ce ya faɗaɗa iyakarsa ba bisa ƙa'ida ba. Amma ƙararsa da Seagate ta farfaɗo a 1999, a shekara ta 2000 kuma Seagate ya biya dala miliyan 45 aka rufe magana.

Shari'ar da ta fi nuna tasirin sabon ma'auni ta shafi na'urar karatun da ke manne a bayan silaida. Kamfanin Siemens na Jamus ya kai Seagate ƙara a Kalifoniya kan wani tsarin jera siraran shimfiɗun maganaɗisu. Seagate ya kafa hujja da ayyukan da suka gabata, har da na Stuart Parkin na IBM. A ƙarshen 2008 masu taya alƙali hukunci suka ce takardar ba ta da inganci, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2010 cewa akwai isasshiyar shaida da ke nuna haɗin a fili yake ga masu sana'ar.

Abin da ya rage

Masana'antar da ta taɓa ɗaukar kamfanoni sama da 200 yanzu ta koma hannun uku: Seagate, Western Digital da Toshiba. IBM ta sayar da nata sashen ga Hitachi a farkon shekarun 2000, shi ma ya koma hannun Western Digital a 2012. Takardun Warner, Garnier da White duk wa'adinsu ya ƙare, dabarunsu sun zama na kowa. Fagen ma ya matsa: tun tsakiyar shekarun 2000 ana saka ɗan abin ɗumamawa a cikin silaida wanda ke kumbura kan karatu ya matso da shi kusa da faifai, daga 2013 kuma aka fara cika wasu rumbuna da iskar hiliyam.

Tambayar dai ba ta tsufa ba, kuma ba ta Amurka kaɗai ba ce. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ita ma ta shar'anta cewa abu ya kasance sabo kuma ya fito daga aikin basira, amma magatakarda ba ya bincika hakan kafin ya ba da takarda. Tana fita ne ba tare da lamunin inganci ba, sai an je kotu ake sanin ƙarfinta. Ke nan gardamar da jami'an tantancewa na Amurka suka yi da lauyoyi a kan zurfin kwari da faɗin kunya, a Najeriya alƙali take jira.

Tarihin silaida ya nuna cewa kuskure biyu ne ke jiran duk mai yanke irin wannan hukunci. Idan ya sassauta, zai ba mutum guda ikon shekara 20 kan matakin da kowa ke gab da ɗauka, ya ɗora wa sauran haraji. Idan ya tsananta, zai hana lada ga wanda ya gano awon da ya sa faifai ya ɗauki ninkin abin da yake ɗauka, don kawai amsar ta zo da sauƙin gani. Babu ma'aunin da ya kawar da haɗarin biyu a lokaci guda. Abin da shekaru 150 na shari'a suka samar shi ne tilasta wa kowane ɓangare ya kawo shaida: mai cewa a fili yake ya faɗi abin da aka sani a lokacin da dalilin haɗa shi, mai cewa ƙirƙira ce ya nuna abin da ya faru wanda ba a zata ba.